Yadda Ake Ɗaure Notin Tayar Mota Daidai Awo

Direbobi da masu faci sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya: wane irin ɗauri ne ya ishi notin taya? Wasu ƙusar taya ce ta karye musu a hanyar kasuwa, wasu kuma faci suka yi a daji noti ya ƙi kwancewa har sai da aka nemo bututu daga wani ƙauye. Amsar ita ce kowace mota tana da lambar ɗaurinta da kamfani ya ƙayyade, kuma a rumfunan faci na bakin titi akan wuce lambar nan sosai. Ɗaurin da ya wuce kima yana fizge taya daga mota kamar yadda sako-sako ke fizge ta. Ƙusar da noti ke hawa, wadda makanikai ke ce wa sitod, tana ɗan miƙewa idan an ɗaure ta, kuma wannan miƙewar ce ke riƙe rim. Idan aka ja ta fiye da ƙarfinta ba ta komawa yadda take, sai ta sirance ta jira rami na gaba.

1. Nemo lambar motarka

Ana auna ƙarfin ɗauri da ma'aunin Nm, wato Newton-mita. Lambar tana cikin littafin mota, a sashen canza taya. Motocin da aka shigo da su daga Amurka sukan rubuta ta da ft-lb. Ka ninka wannan da 1.36 ka sami Nm. Idan kuma kgf.m ka gani, kamar a tsofaffin littattafan motocin Japan, ka ninka da 9.8.

Ga lambobin motocin da suka fi yawa a hanyoyinmu. Toyota Corolla, Camry, Sienna, Highlander da Pontiac Vibe, 103. Honda Accord da Civic, 108. Golf 3, 110. Golf 4 zuwa Golf 7, 120. Peugeot 406, wajen 90.  Sharan tana cin ɗauri sosai, daga 140 zuwa 170 gwargwadon shekararta. Land Cruiser mai rim ɗin aloi da noti biyar, 131. Manyan motoci irin su tirela suna kai wa wajen 600, don haka kayan aikinsu daban ne, kuma wannan jagorar ta ƙananan motoci ce.

Gargaɗi: idan littafin motarka ya saɓa da lambar da ke nan, bi littafin. Kada kuma ka ƙara wa lambar komai don kana lodin buhunan Dawanau ko kana bin hanyar gargada. Nauyin kaya ba ya ƙara wa ƙusa ƙarfi.

2. Kayan aiki da abin da za su ci

Abu na farko shi ne sifanar awo, wadda masu shago ke kira tok renci. Ka nemi mai yin ƙara idan ta kai lamba, mai bakin rabin inci, wadda awonta ya tashi daga 28 ko 40 zuwa 210. Wannan ta ishi dukan motocin da aka lissafa a sama banda manya. Sai soket mai kusurwa shida: lamba 21 ta Toyota, 19 ta Honda, 17 ta Golf. Soket mai kusurwa goma sha biyu tana saurin cinye kan noti, musamman wanda ya riga ya sha wuya. Sai wil sifana ta kwancewa, jak mai lafiya, katako mai faɗi, burushin waya, tsumma, da waigi biyu.

Ana samun sifanar awo a shagunan kayan aiki na Ƙofar Ruwa da Sabon Gari a Kano. Farashinta yana bin canjin dala, saboda haka ka taya a shago biyu ko uku kafin ka biya. Ka murɗa hannunta ka ji yana tafiya sumul, ka duba lambobin an sassaƙa su ne a jikin ƙarfe ba fenti ba, kuma ta zo da akwatinta. Sau ɗaya ake sayenta. Direbobin layi ɗaya a tasha suna iya haɗa kuɗi su sayi guda su ajiye wajen mai facin da suke hulɗa da shi, domin aikin kowace mota bai wuce minti biyar ba. Ka gwada wannan da kuɗin ƙusa da noti da ladan makanike, ko rim ɗin aloi da raminsa ya buɗe, ko hob (ƙarfen da ake ɗora taya a kai) da boris, za ka ga inda arha take.

3. Tsayar da mota da ɗaga ta

Nemi wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, nesa da kwana. Ja birkin hannu, saka giya ta ɗaya, ko P idan mai canza giya da kanta ce. Sa waigi gaba da bayan tayar da ke kusurwar da ke fuskantar wadda za ka cire. Idan ta gaban dama ce, waigi yana ta bayan hagu. Sassauta kowane noti kwatan zagaye tun taya tana ƙasa, sannan ka ɗaga.

Gargaɗi: a ƙasa mai rairayi, irin ta yankin Gumel da Maigatari, jak yana nutsewa a hankali mota ta zame. Ka shimfiɗa katako a ƙarƙashinsa. Bulon siminti ba ya wannan aikin, farfashewa yake yi. Ka tura safaya ƙarƙashin motar kusa da jak, kuma kada ka sa ƙafa ko kai a wurin.

Masu Kanta da ire-irenta su lura: wasu motocin ɗaukar kaya na Japan suna da zaren hagu a tayoyin ɓangaren hagu, za ka ga harafin L a kan ƙusar. Wannan ta dama ake kwance shi. Ƙusoshi da yawa sun karye a hannun yaran mota da suke ta ɗaurewa suna zaton kwancewa suke yi.

4. Tsabtace fuskar hob da zare

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke sa noti ya kwance bayan an ɗaure shi daidai. Idan ka cire taya, duba fuskar da rim ke kwantawa a kai, da bayan rim ɗin kansa. Da damina taɓo yana shiga tsakani ya bushe, tsatsa ma tana yin ɓawo. Idan ka ɗaure a kan wannan dattin, sifana za ta nuna maka lamba ta cika, amma da mota ta yi tafiya sai dattin ya murƙushe ya zube, a sami ɗan sarari, ɗaurin ya tafi. Ka kankare da burushin waya har ƙarfe ya fito, ka goge da busasshen tsumma. Haka za ka yi wa safaya da ta daɗe a rataye ƙarƙashin mota tana shan ƙura.

Goge zaren kowace ƙusa ka dube ta da kyau. Idan ka ga ta sirance a tsakiya, ko zaren ya kwanta, ko ta karkace, ta gama aiki.

Gargaɗi mai muhimmanci: kada ka shafa giris ko baƙin mai a zare ko a mazaunin noti. Lambobin da kamfanoni suka bayar na busasshen zare ne. Mai yana rage gogayya, sai noti ya ci gaba da shigewa kafin sifana ta yi ƙara, ƙusar ta sha ja fiye da yadda aka tsara mata alhali awo yana nuna daidai. Masu faci da yawa suna shafa baƙin mai da kyakkyawar niyya, wai don kada noti ya ci tsatsa, amma illarsa ta fi amfaninsa. Idan ka fesa maganin tsatsa don kwance noti mai taurin kai, ka goge shi tas kafin ka mayar.

5. Tabbatar notin na rim ɗin ne

Noti ba duka ɗaya ba ne ko da sun hau zare. Mazauninsu iri uku ne: mai tsini kamar mazurari, mai zagaye, da mai faɗi da wosha. Rim ɗin aloi na asali na Toyota yana amfani da mai wosha, na Honda da Volkswagen mai zagaye, yawancin rim ɗin ado na kasuwa kuma mai tsini. Idan aka sa mai tsini a ramin mai zagaye, a bakin rami kawai zai taɓa, ya ci wurin, ya saki cikin 'yan kwanaki. Wanda ya sayi rim na hannu ya tambayi notinsa tare.

Zaren ma yana bambanta. Yawancin motocin Toyota da Honda suna da zaren 12 da 1.5, wato kaurin ƙusa milimita 12 da tazarar zare milimita 1.5, Nissan da Suzuki kuma 12 da 1.25. A ido kamar ɗaya suke, amma notin Nissan a ƙusar Toyota zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije. Idan aka tilasta shi, zare ya tafi.

Golf, Peugeot da Marsandi ba su da ƙusa a jikin hob. Bol ne ke shiga cikinsa. A nan tsawo yana da muhimmanci. Gajeren bol ba ya kama zare sosai, dogo kuma yana iya taɓa kayan birki a ciki.

6. Fara da yatsu

Ɗora taya ta zauna daram a tsakiyar hob. Saka kowane noti da yatsunka, ba da sifana ba. Lafiyayyen noti yana tafiya da hannu har ya taɓa rim. Idan ya cije tun farko, mayar da shi baya ka sake daidaitawa. A zaren 12 da 1.5 ana son noti ya ci wajen zagaye takwas kafin ya zauna; idan uku ko huɗu kawai ya ci, rim ɗin ya yi wa ƙusar kauri, kada a hau titi a haka.

Gargaɗi: bindigar iska ba ta fara noti. Idan ya hau a karkace ba ta ji ba ta gani, za ta tura shi har ƙarshe ta yanka sabon zare, kai kuma ba za ka sani ba sai ranar kwancewa.

7. Ɗaurin farko, ana tsallakawa

Tun taya tana sama, ɗan ɗaure kowane noti da wil sifana da ƙarfin hannu ɗaya. Kada ka bi su a jere. Idan noti huɗu ne, ɗaure na sama, sai na ƙasa, sai na dama, sai na hagu. Idan biyar ne, ka riƙa tsallake ɗaya kana zagayawa: na ɗaya, na uku, na biyar, na biyu, na huɗu. Idan shida ne, kowane noti sai wanda ke fuskantarsa. Bin jere yana sa rim ya kwanta a karkace, ɓangare ɗaya ya matse kafin ɗayan ya zauna. Ɗaurin da bai daidaita ba kuma yana iya sa faifan birki ya zauna a karkace, har sitiyari ya fara rawa idan an taka birki, mai mota ya yi ta canza kaya yana neman ciwon a wani wuri.

Sauke jak har taya ta taɓa ƙasa yadda ba za ta juya ba.

8. Saita sifanar awo ka ɗaure

Kwance makullin da ke gindin hannun sifanar. A jikinta akwai manyan lambobi, a bakin hannun da ke juyawa kuma akwai ƙanana. Yawancin masu awon 28 zuwa 210 suna tsallaka goma sha huɗu-huɗu: 84, 98, 112, 126. Don samun 103, murɗa hannun har bakinsa ya zo layin 98 kuma sifili ya daidaita da layin tsakiya, sannan ka ƙara murɗawa zuwa 5. Don 108, 98 ne da 10. Don 110, 98 da 12. Don 120, 112 da 8. Sai ka mayar da makulli. Ka duba da kyau ɓangaren Nm kake karantawa, domin ɗaya gefen yakan zo da wani ma'aunin. Wanda ya saita 103 a ɓangaren ft-lb ya ɗaure wajen 140 ke nan.

Zura soket ta shige kan noti gaba ɗaya. Riƙe sifanar a tsakiyar hannunta, ɗaya hannun yana tallafe kanta don kada soket ta goce. Danna a hankali, ba fizga ba. Za ka ji ta yi ƙas, kanta ya ɗan karye. Tsaya nan. Kada ka ƙara dannawa don ka tabbatar. Sifanar ba ta hana noti ci gaba da juyawa, sanar da kai kawai take yi. Bi tsarin tsallakawa na mataki na 7, idan ka gama ka sake zagayawa sau ɗaya, saboda notin farko yakan ɗan saki bayan sauran sun zauna.

Akwai wata dabara da ake yi a wasu wuraren gyaran taya wadda ba ta da amfani ko kaɗan: a ɗaure da bindiga har ƙarshe, sannan a ɗora sifanar awo ta yi ƙas nan take, a ce ya yi daidai. Wannan ƙarar tana nuna ɗaurin ya kai lambar ne kawai, ba ta nuna nawa ya wuce ta. Dole ka ga noti ya ɗan juya kafin ƙarar ta zo. Idan bai motsa ba, a sassauta shi a sake. Ba laifi ka ce wa mai faci, “Malam, don Allah a tsaya da bindigar da zarar sun zauna, sauran mu ƙarasa da awo.” Motarka ce, kai za ka kwance ta a daji.

Gargaɗi: a bar rim da birki su huce kafin awo. Notin makulli mai soket ta musamman kada bindiga ta taɓa shi sam. Kada a kwance noti da sifanar awo, kada a zura mata bututu, kada a jefar da ita ƙasa. Idan an gama a mayar da ita lambarta mafi ƙanƙanta kafin a sa a akwati, don kada sifirin ɗin ciki ya gaji. Mai amfani da ita kullum ya kai a duba awonta sau ɗaya a shekara.

9. Idan babu sifanar awo

Lissafin mai sauƙi ne: nauyin da aka ɗora a kilo, sau tsawon sifana a mita, sau 9.8. Mutum mai kilo 70 idan ya hau ƙarshen wil sifana mai tsawon santimita 30, ya ɗaure wajen 200 tun bai yi tsalle ba, wato ninki biyu na abin da Corolla ke so. Idan ya zura bututu mai mita ɗaya ya hau, ya doshi 700, ɗaurin tirela a ƙusar ƙaramar mota. Irin wannan ɗaurin yana cikin abubuwan da ke karya ƙusoshi a hanyoyinmu.

Wil sifanar da ta zo da mota an yi ta gajera da gangan. A kan santimita 30, nauyin kilo 35 ne ke ba da 103, abin da baligi zai iya dannawa da hannu biyu yana ɗan jingina kafaɗa. Iyakar ke nan: hannu, ba ƙafa ba.

Wanda ke son awo mafi kusa ya yi amfani da jarkar ruwa. Jarka mai lita 25 idan ta cika tana da nauyin kilo 25 da ɗan ɗoriya. Zura bututu a wil sifana, auna santimita 40 daga tsakiyar noti ka yi alama. Daidaita sifanar ta kwanta a miƙe ta ɓangaren dama na notin, yadda nauyi zai ja ta wajen ɗaurewa, ka rataya jarkar a kan alamar a hankali. Idan sifana ta sunkuya, ɗaga ka sake daidaita ta, har ta tsaya a miƙe jarka na rataye ba ta taɓa ƙasa. Wannan ya ba ka wajen 100. Don 120, matsar da alamar zuwa santimita 48. Idan taya ta yi ƙasa da yawa jarka na taɓa ƙasa, a tona ɗan rami a ƙarƙashinta. Aikin yana cin lokaci, amma yin sa sau biyu ko uku yana koya wa hannu yadda 100 take, kuma yawancin masu gwadawa mamakin sauƙinta suke yi.

10. Sake dubawa bayan tafiya

Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake ɗora sifanar awo a kan kowane noti. Zuwa Wudil daga Kano da dawowa ya kai wannan. Rim ɗin aloi, sabon rim, da wanda aka yi wa fenti sun fi bukatar haka, domin mazauninsu yana ƙara kwantawa da zafi da girgiza. A nan ba sai an sassauta ba: idan ta yi ƙas ba tare da noti ya motsa ba, lafiya. Idan ya juya sosai, ko noti ɗaya ne kullum yake saki, a cire tayar a duba ƙusa da ramin rim.

Motocin haya masu bin kasuwanni, yau Gujungu gobe wani gari, da lodi a hanyar burji, su mayar da duba noti aikin mako-mako. Da safe yaron mota ya zagaya ya duba: jan layin tsatsa da ya zubo daga gindin noti, ko garin ƙarfe mai ƙyalli a kewayensa, alamar rim yana motsi ne. A kan hanya kuma alamar ita ce ƙwanƙwasa da ke bin gudun taya, ko sitiyari ya fara kaɗawa ba dalili. Kada a ce bari a kai tasha. A rage gudu a hankali, a sauka gefe, a duba.

11. Idan ƙusa ta karye ko zare ya cinye

Kada a ci gaba da lodi da noti uku a mota mai huɗu, ko huɗu a mai biyar. Sauran ƙusoshin suna ɗaukar nauyin da ba nasu ba, kuma tunda hannu ɗaya ne ya ɗaure su duka, su ma sun sha irin wahalar da ta karya ta farko. Idan ɗaya ta karye saboda ɗauri, a canza har da maƙwabtanta biyu. Idan biyu ne suka karye, a canza na tayar gaba ɗaya, da sababbin noti.

Makanike zai cire kan birki da faifai, ya fitar da karyayyar ta baya, ya zura sabuwa ya jawo ta har kanta ya zauna daram a bayan hob. A wasu motocin babu sararin fitar da ita sai an zare hob ɗin, kuma a nan ne boris kan lalace kuɗin aiki ya ninka. Kada a yarda a yi wa ƙusa walda, zafi yana kashe ƙarfinta. A Golf da Peugeot, idan zaren cikin hob ne ya cinye, hob ɗin ake canzawa. Rim ɗin da raminsa ya zama mai tsawo maimakon zagaye shi ma ba ya gyaruwa, ko safaya kada a mayar da shi. Sabuwar ƙusa takan ƙara zama bayan tafiyar farko, don haka dubawar kilomita 50 ta zama dole a kanta, a kuma maimaita bayan mako guda.